Hoton Ƙirji da Idon Mai Karanta Shi

A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki ya nuna ƙashi. A 1899 Faransawa suka ci Damagaram, likitancinsu ya biyo baya, muka ɗauka abin da na'ura ta nuna ba a musunsa. Har yau a Zinder nakan ji uwa tana cewa ba a duba ɗanta ba, tunda ba a yi masa "radiyo" ba.

Tarihin hoton bai goyi bayanta ba. Likitoci biyu kan kalli farin tabo ɗaya a huhun yaro su saɓa, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar karanta shi a 2001. Tun shekarun 1980 kuwa take koyar da ƙirga numfashi: 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar limoniya ke nan.

Don haka nake roƙon iyayen Magariya da Tanut: yaro na haki, ku kai shi likita mafi kusa yau. Kada ku tsaya tara kuɗin hoto.