Daga Hanya Zuwa Ma'aji: Nazarin Tsaron Kalmar Sirrin Imel a Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi ƙa'idojin aika imel tun daga 1982, sannan ta duba yadda manhajojin Thunderbird, msmtp da Postfix ke adana kalmar sirri. An gano cewa an toshe galibin ɓarakar da ke kan hanyar saƙo, raunin kuwa ya tattara ya koma inda ake ajiye sirrin.

1.0 Gabatarwa

A watan Agustan 1982 da Jon Postel ya fitar da ƙa'idar SMTP cikin kundin RFC 821, intanet ƙaramar unguwa ce, kowa ya san kowa. Uwar garke takan karɓi saƙo ta ƙofa mai lamba 25 ba tare da ta tambayi mai shi ko wane ne ba. Masu watsa tarkacen saƙonni ne suka ɓata wannan amana. Saboda haka a 1998 aka ware ƙofa ta 587 don masu miƙa saƙo, a 1999 kuma RFC 2554 ya tanadi tantance mai aikawa da suna da kalmar sirri. Daga nan tambaya biyu suka taso: ta yaya kalmar za ta isa lafiya, kuma ina za ta kwana?

2.0 Tsaron Hanya

Hanyoyin tantancewa da aka fi amfani da su, PLAIN da LOGIN, suna juya kalmar sirri ne zuwa tsarin base64, wanda ba kulli ba ne ko kaɗan. Kowa zai warware shi nan take. Tsaron duka ya rataya a wuyan TLS, tsarin da ke rufe zancen a kan hanya. Dabarar STARTTLS takan fara zance a fili, sai daga baya ta nemi a rufe, wanda ya tsaya a tsakani kuwa yana iya goge wannan tayin. Binciken Durumeric da abokan aikinsa na 2015 ya nuna an yi wa kusan kashi 96 cikin 100 na saƙonnin da ke fita daga Tunisiya zuwa Gmail irin wannan tsiraici. A 2021 wasu masana a Jamus suka bankaɗo kurakurai fiye da 40 masu nasaba da STARTTLS a manhajojin imel. Tun a Janairun 2018 RFC 8314 ya fifita ƙofa ta 465, inda ake rufe zancen kafin a furta komai.

Kada a haɗa tsaron kalmar sirri da SPF, DKIM da DMARC. Su shaida suke bayarwa kan gidan da saƙo ya fito, ba kan hannun da ya rubuta ba. Ɓarawon da ya sami kalmar sirri zai aika saƙon da zai tsallake dukkansu uku.

3.0 Inda Sirrin Ke Kwana

Nan gizo ke saƙar. Duk manhajar da ke aika saƙo ba tare da ta tambayi mai ita ba, dole tana da hanyar ɗauko sirrin da kanta, kuma abin da manhaja za ta ɗauko, wata ma za ta iya.

Mafi rauni shi ne rubuta kalmar ƙarara a fayil, kamar .msmtprc, ko .netrc, ko sasl_passwd na Postfix, wanda ko bayan an sarrafa shi da postmap ba a kulle yake ba. An saba ba da shawarar a taƙaita izinin fayil zuwa 600, har msmtp kan ƙi aiki idan ba a yi haka ba. Sai dai wannan izini doka ce da babbar manhajar kwamfutar kaɗai ke tsarewa. Wanda ya sace kwamfutar ya tayar da ita da filas, ko ya cire faifan ya jona a wata, babu ruwansa da 600. Thunderbird na ajiye kalmomin a logins.json, mabuɗinsu a key4.db, in ba a sa babbar kalmar sirri ba, kwafe fayilolin biyu ya wadatar. An kulle ɗaki ne an rataye mabuɗin a jikin ƙyaure.

Ma'ajin sirri na tsarin kwamfuta ya fi wannan: Keychain a macOS, Credential Manager a Windows, GNOME Keyring ko KWallet a Linux. Ana iya umartar msmtp ta hanyar passwordeval ya karɓo kalmar daga can, ko daga fayil da aka kulle da GPG. Amma su ma ba ɗaya suke ba. Keychain kan tantance manhajar da ke nema, a Windows da Linux kuwa, da zarar mai kwamfuta ya shiga, galibi duk manhajar da ke gudana da sunansa za ta iya roƙon sirrin a ba ta.

Kulle faifai gaba ɗaya da BitLocker, FileVault ko LUKS shi ne maganin sata, da sharaɗin kwamfutar a kashe take. Yawancinmu rufe murfi kawai muke yi mu jefa a jaka, mabuɗin na nan zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi. A 2008 masana a Jami'ar Princeton sun sanyaya wannan ƙwaƙwalwa suka zaro mabuɗan BitLocker da FileVault daga cikinta.

4.0 Sirrin da Ake Iya Sokewa

Google ya daina karɓar kalmar sirri zalla daga manhajojin waje a asusun ɗaiɗaikun mutane ranar 30 ga Mayun 2022, ya tura su ga OAuth 2.0. A wannan tsari manhaja na riƙe tikitin shiga mai ƙarewa cikin kimanin awa guda, da kuma tikitin sabuntawa mai daɗewa. Na biyun shi ma sirri ne, a faifan yake kwana, ana kuma sace shi. A ganin mai wannan nazari, fa'idarsa ta gaskiya ita ce ana soke shi shi kaɗai. Haka ma kalmar manhaja mai haruffa 16 da Google ke bayarwa, ko da yake tana tsallake tantancewa mai mataki biyu. Idan kowace kwamfuta na da nata, ranar da jaka ta ɓata a tasha, daga waya za a soke na waccan, sauran na'urori su ci gaba da aiki.