Yinin da Muka Yi a Gidan Ɗan Hausa

Rubutun wannan mako ya samo asali ne daga wata fita da muka yi da mutanen gidanmu a hutun da ya wuce. Yara sun so a je gidan zu, ni kuma na dage sai Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nasarawa a Kano. Da na gaya wa kakanmu, wanda muke kira Malam, sai ya dube ni ya ce, "Wato gidan wanda ya mai da mu jahilai za ka kai ni?" Ya dai biyo mu, amma maganar ba ta bar raina ba.

Ga wanda bai sani ba, Ɗan Hausa laƙabin Hanns Vischer ne. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876. Ya fara zuwa Najeriya ne a aikin mishan, daga baya ya koma aikin gwamnatin Turawa, aka tura shi Borno. A 1906 ya biyo ayari ya ratsa Sahara daga Tarabulus har Borno, ya kuma rubuta littafi a kan tafiyar. Yadda ya iya Hausa ne ya sa aka laƙaba masa wannan suna.

Turawa sun ci Kano a 1903. Shekara shida bayan haka, a 1909, zamanin Sarki Abbas, Ɗan Hausa ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa a nan Nasarawa. Akwai ajin malamai, akwai na 'ya'yan sarakuna, akwai sashen koyon sana'o'in hannu. Da Hausa ake koyarwa, amma da baƙaƙen Turawa ake rubuta ta. Ba shi ya fara rubuta Hausa da boko ba, Schön da Robinson sun riga shi. Abin da ya yi shi ne ya shigar da ita aji, sannan a 1912 ya fitar da ɗan littafin ƙa'idojin rubutun Hausa.

Daga nan zaren ya taho har kanmu. Malam Bello Kagara ya yi karatu a makarantar Nasarawa. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a Zariya a 1933, shi ne ya rubuta Ganɗoki, ƙaninsa Abubakar Imam kuma ya rubuta Ruwan Bagaja. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Duk wanda ya taɓa rubuta labari da boko a cikinmu, yana da alaƙa da wannan gida, ko ya sani ko bai sani ba.

Gidan na ƙasa ne, bangonsa mai kauri, da ka shiga sai sanyi ya tarbe ka. Yara suka yi ta leƙe-leƙe, Umma tana ta hana su taɓa kaya. Da muka fito harabar gidan, muka shimfiɗa tabarma a inuwar bishiya, aka buɗe kwanon dambu da gorar zoɓo. Nan Malam ya ƙarasa maganarsa. Ya ce wata rana an ba shi takarda ya cike a wani ofis, ma'aikacin ya tambaye shi ko ya iya rubutu, ya ce ya iya ajami. Sai kawai aka turo masa tawada ya dangwala yatsa. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa!

Na rasa amsar da zan ba shi, don tarihi yana bayansa. Kafin Ɗan Hausa ya zo, malamai sun daɗe suna rubuta waƙoƙi da wasiƙu da ajami. Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta na Hausa ta rasu tun 1864. Da gwamnati ta zaɓi boko don makaranta da ofis, ajami bai mutu ba, amma ya daina ba mutum aiki.

Sai na ce, "Malam, to mu da muka riƙi bokon ma ba mu riƙe shi da kyau ba." Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka zauna, bayan an gwada ɗigo a ƙarƙashi da wasu alamomi. Yau muna da su a waya, amma muna rubuta "baki" muna nufin baƙi, mu rubuta "kafa" muna nufin ƙafa. Malam ya yi dariya ya ce, "Kun saki na hannu, na gudun ma bai kamu ba."

Kafin mu tashi ya karɓi birona, ya rubuta sunan kowane jika da ajami a bayan takardar da aka ƙunso dambu. Autarmu ta ƙi yarda a yar da ita. Tun daga ranar nake zama wurinsa bayan la'asar ina koyon karanta tsofaffin wasiƙunsa, kuma har yanzu da ƙyar nake haɗa layi guda. Idan akwai dattijo mai irin wannan akwati a gidanku, ku nemi ya buɗe muku shi tun yana da ƙarfin karantawa. Allah ya ja kwanan iyayenmu.