Yauƙin Bakteriya: Daga Asara Zuwa Haja

A ƙarni na 19 masana'antun sukari na Turai sun sha fama da wata matsala. Ruwan sukari yakan rikiɗe ya yi yauƙi tamkar miyar kuɓewa, ya toshe matatai, a tafka asara. A 1861 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke haddasa irin wannan yauƙi, aka kuma raɗa masa suna dekstiran daga bisani.

Asalin yauƙin sarƙa ce doguwa ta ƙwayoyin sukari, wadda masana ke kira polisakaraid. Bakteriyar da ke zaune cikin ƙasa takan lulluɓe kanta da shi domin ta riƙe danshi a lokacin fari, shi kuma ya haɗe ɓarɓashin ƙasa wuri guda, ruwa ya sami hanyar shiga.

Yaƙi ne ya fito da darajarsa. A shekarun 1940 masana biyu a Suwidin, Grönwall da Ingelman, suka gano cewa ana iya ƙara wa wanda ya zubar da jini ruwan dekstiran. A garin Peoria na Amurka, Allene Jeanes ta ma'aikatar gona ta inganta hanyar samar da shi da yawa, aka ceci sojojin da suka jikkata a Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953. Ita da abokan aikinta ne kuma suka fito da zantan daga wata bakteriya mai ruɓar da kabeji. Kamfanin Kelco ya fara sayar da shi a shekarun 1960, yau ana kaurara miya da man goge baki da shi, har da lakar haƙar rijiyar mai. A Japan kuwa, Tokuya Harada ya samo kurdilan daga bakteriyar ƙasa a 1966.

Wannan ci gaba ya taɓa Sahel. Da farin farkon shekarun 1970 ya rage ƙaron da Sudan ke fitarwa, farashi ya tashi, masana'antun Turai da Amurka suka koma neman madadi, wasu ba su sake waiwayar ƙaro ba. Bishiyar dakwara sai ta shekara huɗu ko biyar kafin a tsage ta, ita kuwa bakteriya cikin 'yan kwanaki take cika tukunyar masana'anta, ko an yi ruwan sama ko ba a yi ba. Duk da haka masu haɗa lemon kwalba ba su rabu da ƙaro ba, domin wajen riƙe man ƙamshi cikin ruwa har yanzu zantan bai kamo shi ba.