Fadar Murabba da Tarihin Nauyi a Jirgin Sama

A tsakiyar birnin Riyad, hedkwatar ƙasar Sa'udiyya, akwai wata unguwa da ake kira Al-Murabba. Ta samo sunanta ne daga fadar da Sarki Abdul'aziz ɗan Sa'ud ya sa aka fara ginawa a cikin 1936, a arewa da ganuwar tsohon birni. Ma'anar kalmar da Larabci ita ce abu mai kusurwa huɗu daidai wa daida, domin katangar fadar mita 400 ce a kowane gefe. Da jar ƙasa aka gina ta, kamar yadda aka gina gidajen sarakunan Kano da Katsina, Sarki kuwa ya tare a cikinta a cikin 1938. Yau wurin ya zama gidan tarihi, yana cikin Cibiyar Tarihi ta Sarki Abdul'aziz wadda aka buɗe a cikin 1999.

Mai wannan fada ƙaƙƙarfan mutum ne, dogo, wanda tsawonsa ya haura ƙafa shida, ga faɗin ƙirji. Da girma ya kama shi, ciwon gaɓɓai da tsofaffin raunukan yaƙi suka sa hawan bene ya zame masa wahala, har aka sanya masa na'urar nan mai hawa da mutum sama, wadda ita ce ta farko a ƙasar. Tarihin wannan sarki da jirgin sama yana ba da hanyar duba wata tambaya da mutane da yawa ke jin nauyin yi a fili: shin ƙaramin jirgin sama yana iya ɗaukar mutum mai jiki, ko matuƙi ne ko fasinja?

Jiragen sama sun riga Sarki shiga sararin ƙasarsa da shekaru masu yawa. A wajajen 1930 gwamnatinsa ta sayi jirage huɗu samfurin Wapiti daga Ingila. Jiragen soja ne masu inji ɗaya, kowanne da mazauni biyu a buɗe, inda mutum zai haura gefen jirgin ya zura ƙafafu cikin wani ɗan rami ya zauna, iska tana dukansa. Irinsu ne, ko kusa da haka, jirage uku na sojan Ingila da suka sauka a Kano ran 1 ga Nuwamba 1925 daga Masar. Sa'an nan bayan Sarki ya ba kamfanin Standard Oil na Kalifoniya izinin neman mai a cikin 1933, kamfanin ya kawo wani jirgi mai inji ɗaya samfurin Fairchild 71 a cikin 1934, domin ɗaukar hoton ƙasar gabas daga sama.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan jirage da aka ƙera saboda tafiyar sarki. Ban da batun haɗari da rashin filayen sauka, akwai batun wuri da nauyi. Sarkin Larabawa, kamar sarkin Hausa, ba ya tafiya shi kaɗai. Da 'ya'ya da fadawa da masu gadi da mai dafa gahawa yake tashi. Hakan ya fito fili a watan Fabrairu na 1945, sa'ad da jirgin ruwan yaƙi na Amurka mai suna Murphy ya ɗauke shi daga Jidda zuwa Mashigin Suwez domin ganawa da Shugaba Roosevelt. Mutum arba'in da wani abu suka raka shi, aka kafa masa tanti a bisa jirgin, har da tumaki aka shigar domin yanka, bayan hafsoshin jirgin sun roƙi a rage yawansu. Jirgin ruwa yana iya jure irin wannan lodi. Ƙaramin jirgin sama kuwa ko kusa.

Shugabannin biyu sun gana ran 14 ga Fabrairu 1945 a cikin jirgin ruwan nan Quincy. Da Roosevelt, wanda shan inna ya hana shi tafiya, ya ga Sarki yana takawa da ƙyar, sai ya ba shi ɗaya daga cikin kujerunsa masu taya. An ruwaito cewa kujerar ta yi wa Sarki kaɗan, amma duk da haka ya adana ta yana nuna wa baƙi. Kyauta ta biyu ita ce ta dace da shi: jirgin sama samfurin DC-3, wanda ya iso ƙasar a watan Afrilu, watan da Roosevelt ya rasu. Wani Ba'amurke mai suna Joe Grant shi ne ya zama matuƙinsa. Kafin shekarar ta ƙare Sarki ya shiga jirgin daga Afif zuwa Ɗa'ifa, tafiyar ta gamshe shi, ya sa aka ƙaro wasu, daga nan kamfanin jiragen saman Sa'udiyya ya samo asali. Jirgin nan na farko yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Saƙrul Jazira a Riyad.

Abin da ya bambanta DC-3 da jiragen da suka gabace shi shi ne girma. Inji biyu gare shi, yana ɗaukar fasinja ashirin da ɗaya ko fiye, nauyinsa kuwa da kaya ya haura tan goma sha ɗaya. A cikin jirgi irin wannan, in mutum ɗaya ya fi saura da kilo arba'in, abin ba ya ko nunawa. A cikin jirgin da dukan nauyinsa bai wuce tan ɗaya ba, kilo arba'in magana ce babba. Nan ne asalin matsalar, kuma masana aikin jirgi sun kasa ta gida uku.

Na farko shi ne wuri. Jirgin koyon tuƙi mai mazauni biyu samfurin Cessna 152, faɗin cikinsa bai wuce kimanin mita ɗaya ba, a nan malami da ɗalibi za su zauna kafaɗa da kafaɗa. Ba jin daɗi kaɗai ake dubawa ba. Dole sitiyarin jirgi ya motsa har iyakarsa, gaba da baya, hagu da dama, ba tare da ya tokari ciki ko gwiwa ba. Dole ɗamarar kujera ta ɗauru, ƙofa ta rufu, mutum kuma ya iya fita da hanzari in wani abu ya faru. Dogon mutum marar ƙiba ma yakan gamu da wannan matsala, in kansa yana taɓa rufi.

Na biyu shi ne jimlar nauyi. Kowane jirgi yana da iyakar da maƙeransa suka rubuta, wadda doka ta hana a ƙetare. A ɗauki misalin Cessna 172, jirgi mai mazauni huɗu da aka fara sayarwa a cikin 1956, wanda aka ƙera fiye da kowane jirgi a tarihi. Samfurinsa na baya-bayan nan bai halatta ya tashi da nauyin da ya wuce kilo 1,157 ba. In aka cire nauyin jirgin kansa, abin da ya rage bai wuce kimanin kilo 400 ba. Tankunansa suna cin wajen lita 200 na mai, nauyin man kuwa ya kai kilo 144. Saura ke nan kimanin kilo 250 ga mutane da kayansu. Mutum biyu masu kilo 120 kowanne za su tashi lafiya da tanki cike. Mutum huɗu masu kilo 80 ba za su tashi ba, sai an rage mai, rage mai kuwa rage nisan tafiya ne. Watau yawan kujeru ba shi ne yawan mutanen da jirgi ke ɗauka ba.

Na uku shi ne daidaito, kuma shi ya fi ɓoyuwa ga wanda bai sani ba. Fataken da suka yi safara da jakuna sun san cewa mangala ba ta zama sai ɓangarorinta biyu sun yi daidai, ko da jakin yana da ƙarfin ɗaukar kayan. Haka jirgi yake, sai dai nasa rinjayen gaba da baya ne. In nauyi ya yi yawa a gaba, hancin jirgi yakan ƙi ɗagawa wajen tashi da sauka. In ya yi yawa a baya, hanci yakan ɗaga fiye da kima, fukafukai su daina riƙe iska, matuƙi ya rasa yadda zai dawo da shi. Saboda haka ne wanda zai tuƙa ƙaramin jirgin nan Piper J-3 Cub shi kaɗai yake zama a kujerar baya, saboda haka ne kuma matuƙi yakan ce wa babban mutum ya dawo gaba, ƙarami ya koma baya.

Ƙasar Sarki Abdul'aziz ta ƙara wani abu a kan waɗannan uku, shi ne zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, haka ma iskar tudu. Riyad tana kimanin mita 600 bisa teku, da bazara kuwa zafi yakan haura digiri 43. A irin wannan rana, inji da fukafukai suna aiki kamar jirgin yana tashi daga kan dutse mai tsawon mita 1,800. Jirgi sai ya yi doguwar gudu kafin ya bar ƙasa, ya kuma hau sama a hankali. Nauyin da ya ɗauka cikin sauƙi da asuba yana iya gagararsa da azahar. Matuƙan da ke tashi daga Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ko daga tudun Jos, da wannan lissafi suke aiki, shi ne kuma ake koya wa ɗalibai a makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a cikin 1964.

Mutanen farko ba su ji kunyar sikeli ba. A shekarun 1930 kamfanin Imperial Airways na Ingila yakan auna kowane fasinja kafin ya shiga jirgi, kuɗin tikiti kuwa na kilo 100 ne, mutum da kayansa a haɗe. Da jirage suka girma, sai aka bar awo aka koma ƙiyasi. Amurka ta daɗe tana ƙaddara nauyin mutum ɗaya a kan laba 170, watau kilo 77, a kan wannan adadi aka tsara kujerun ƙananan jirage da yawa. Amma jikin mutane ya ci gaba da ƙaruwa a ƙasashen da abinci ya wadata, adadin da ke takarda bai bi shi ba.

Ran 8 ga Janairu 2003 aka ga sakamakon haka a birnin Charlotte na Amurka. Wani jirgi mai kujera goma sha tara samfurin Beechcraft 1900D ya tashi, hancinsa ya miƙe sama, ya faɗo kan wata rumfar gyaran jirage, mutum 21 da ke ciki suka rasu. Masu bincike sun gano abu biyu. An yi kuskure wajen gyaran wayoyin da ke sarrafa wutsiyar jirgin, sa'an nan jirgin ya wuce iyakar nauyinsa da kimanin kilo 260, nauyin kuma ya rinjaya baya. A takarda lissafin matuƙan daidai yake, domin da adadin da aka ba su suka yi aiki. Bayan wannan haɗari hukumar jiragen sama ta Amurka ta sa aka auna fasinjoji, aka tarar sun fi ƙiyasin da kusan kilo goma kowanne, ta ƙara adadin. A cikin 2013 wani ƙaramin kamfani a tsibirin Samowa, Samoa Air, ya koma wa tsohuwar hanya, yana sayar da tikiti bisa kilo. Mutane da yawa sun ga wulaƙanci a ciki, kamfanin kuwa ya ce jiragensa ƙanana ne, da nauyi suke aiki ba da kujera ba.

Amsar tambayar, ke nan, ita ce ƙaramin jirgi yana ɗaukar mutum mai jiki, kuma akwai matuƙa da yawa masu ƙiba da suka yi shekaru suna aiki lafiya. Sharaɗin shi ne a zaɓi jirgin da ya dace, a rage mai ko kaya ko yawan mutane, a zaunar da kowa inda daidaito ya nuna, a kuma faɗi gaskiyar nauyi. Wannan na ƙarshe ya fi wuya a ƙasashen da ake ganin rashin ladabi ne a tambayi babba nauyinsa, balle a ce ya hau sikeli. Matuƙin da kunya ta hana shi tambaya, da fasinjan da ya rage kilo goma don gudun dariya, sun haɗu sun jefa sauran mutanen jirgin cikin haɗari.

Sarki Abdul'aziz ya rasu a Ɗa'ifa ran 9 ga Nuwamba 1953, aka kawo gawarsa Riyad aka binne shi a maƙabartar Al-Ud. Ya yi shekara goma sha biyar da jirage a ƙasarsa kafin ya sami wanda ya ishe shi da mutanensa. Wanda ba shi da ikon jiran babban jirgi, abin da ya rage masa shi ne sikeli da alƙalami kafin a tayar da inji.