Yadda Cocin United Methodist ke kula da fastocinta daga Jalingo

A Cocin United Methodist ta Nijeriya, wadda hedikwatarta ke Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, ikilisiya ba ta ɗaukar fasto da kanta, ba ta kuma sallamarsa. Bishop ne ke tura kowane fasto wurin aiki, yana sake duba naɗin duk shekara tare da shugabannin gundumomi.

Shugaban gunduma shi ne idon bishop. Yakan zagaya majami'un da ke ƙarƙashinsa, ya jagoranci taron ikilisiya, ya saurari koke-koke. Kowace ikilisiya tana da kwamitin da ke lura da zamanta da fasto. Kwamitin na iya roƙon a sauya shi, amma shawara ce kawai. Hukunci na bishop ne. Ƙorafi mai nauyi kuwa yakan kai har kotun coci.

Gine-gine da filaye ma ikilisiya tana riƙe da su ne a matsayin amana ga ɗarikar baki ɗaya, kuma a nan ne tsarin ya sha gwaji mafi tsanani. A 2024 babban taron cocin na duniya, a birnin Charlotte na Amurka, ya ɗage haramcin naɗa masu neman jinsi ɗaya a limanci. A watan Yuli, Bishop John Wesley Yohanna, wanda ke jagoranci tun 2012, ya sauka ya koma Cocin Global Methodist da magoya bayansa. An zaɓi Ande Emmanuel sabon bishop a Ghana a watan Disamba. Fastoci da mabiya suka rabu gida biyu, takaddamar mallakar kadarori kuma ta kai gaban kotu.