Yadda ake haɗa matatar wasiƙun banza da Thunderbird

Matatar wasiƙu wata ƙaramar manhaja ce da ke zama tsakanin kwamfuta da sabar imel, tana duba kowace wasiƙa kafin ta shigo. Makarantunmu na Mai Wurno, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, da na ƙauyukan Jazira suna da buƙatarta, domin 'yan damfara kan aiko da wasiƙu da sunan kujerar Hajji ko tallafin karatu.

Wadda muka fi sani ita ce POPFile, kuma kyauta ce. Bayan an ɗora ta, sai a buɗe saitin Thunderbird, a mayar da sabar POP3 zuwa 127.0.0.1, wato kwamfutar kanta, lambar ƙofa 110. A gurbin sunan mai akwati a rubuta sunan sabar asali, sai alamar (:), sai sunan. Kalmar sirri ba a taɓa ta.

To, matatar ba ta zuwa da sani, koya mata ake yi a shafinta na 127.0.0.1:8080. A nan muke jan hankali: wasiƙunmu Larabci ne da Hausa a gauraye, don haka a makonnin farko tana iya lissafa wasiƙar ɗan'uwa daga Sakkwato cikin shara. Sai a umarci Thunderbird ya ware irinsu gefe, kada ya goge, a riƙa dubawa duk mako ana gyara mata.