Kiɗan Soul na Amurka: Kowane Gari da Karinsa

Gabatarwa

Ɗalibin harshe ya san cewa da zarar Basakkwace ya buɗe baki, Bakano zai gane inda ya fito. Haka kiɗan Soul na baƙar fatar Amurka yake. Ina yaro, mahaifina yakan ɗora faifan garmaho, kafin mawaƙi ya soma rerawa sai ya faɗi garin da aka ɗauki waƙar. Wannan takarda za ta duba yadda garuruwa uku suka sami nasu karin, da yadda ya ɓace.

Asali

Soul ya samo tushe daga waƙoƙin coci na baƙar fata, inda jagora yake bayarwa jama'a suna amsawa. A 1954 Ray Charles ya ɗauki wannan salo ya yi waƙar soyayya da shi, wasu masu ibada suka ga ya yi saɓo. A lokacin miliyoyin baƙar fata suna ƙaura daga kudancin ƙasar zuwa biranen masana'antu na arewa, suna tafe da waƙoƙinsu.

Detroit

A 1959 Berry Gordy ya ranci dala 800 daga danginsa ya kafa kamfanin da ya zama Motown. Tsohon ma'aikacin masana'antar mota ne, don haka ya tsara aikin kamar na haɗa mota: masu rubuta waƙa daban, makaɗa daban, masu tace faifai daban. Kiɗan Detroit mai santsi ne, an yi shi don ya shiga gidajen farar fata. Daga nan Supremes da Marvin Gaye da Stevie Wonder suka fito.

Memphis

A kudu kuwa, kamfanin Stax ya zauna a wani tsohon gidan siliman da ke unguwar baƙar fata. Kiɗansa mai kaushi ne, kayan busa suna amsa wa mawaƙi kamar 'yan amshi. Makaɗan kamfanin, wato Booker T. da abokansa, biyu baƙaƙe ne biyu farare, a garin da wariyar launin fata ta yi kanta. Otis Redding ya rasu a hatsarin jirgin sama a Disamban 1967, wata huɗu bayan haka aka kashe Martin Luther King a Memphis. Zaman tare ya yi wuya, kamfanin kuma ya durƙushe a 1975.

Philadelphia

A 1971 Kenny Gamble da Leon Huff suka kafa nasu kamfani. Sun tara makaɗa masu yawa, musamman masu goge irin na Turawa, kiɗan ya yi taushi da daɗin rawa. Wannan salo ne ya share wa disko hanya.

Kammalawa

Abin da ya ba kowane gari karinsa shi ne makaɗa ƙalilan da suke haɗuwa kullum a ɗaki ɗaya, har kunne ya saba da hannunsu. Da Motown ya koma Los Angeles a 1972, akasarin makaɗansa suka saura a Detroit, karin ya fara dusashewa. An rushe ginin Stax a 1989. Gidan tarihi ne aka buɗe a wurin a 2003. Faya-fayan suna nan, amma ɗalibi ya lura: kari, na kiɗa ko na harshe, yana rayuwa ne muddin masu shi suna zaune tare.